Maƙera ta zamani da sana'ar ba da shawara

A cikin watan Yuli na shekara ta 2014, birnin Barsalona na ƙasar Ispaniya ya karɓi baƙuncin babban taro na goma na ma'abuta ɗakunan ƙira waɗanda ake kira fablab. A gaban jama'ar da ta hallara, magajin garin na wancan lokaci, Xavier Trias, ya danna wani maɓalli, nan take wani agogo ya soma ƙidayar shekara arba'in. Alkawarin da aka ɗauka a ranar shi ne, kafin shekara ta 2054 birnin zai riƙa samar da abin da mazaunansa ke buƙata a cikin gida, ba sai jiragen ruwa sun yi masa dakon kaya daga Asiya ba. Daga cikin waɗanda suka shirya taron, aka kuma ƙulla wannan magana da su, akwai wani saurayi ɗan ƙasar Benezuwela mai suna Tomas Diez. Ba shi da kujera a majalisar birni, ba shi kuma da masana'anta. Jarinsa ilimi ne da iya magana da sanin mutane.

Ma'aikatan ofis sun san irin mutumin nan da suke kira konsiltan, wato mashawarcin da ake ɗauka da kwangila, ya zo ya duba al'amari, ya rubuta rahoto, a biya shi ya kama gabansa. A cikin shekaru ashirin da suka wuce wani sabon reshe ya tsiro a cikin wannan sana'a, na masu kafa wa birane da jami'o'i ɗakunan ƙira, da masu koya wa jama'a tattara bayanai. Tun da yake kuɗin hukuma da na taimako ake biyansu da shi, ya dace mai karatu ya san abin da ake saye a hannunsu. Hanyar da Diez ya bi tana nuna amfanin sana'ar, tana kuma nuna inda gizo ke saƙa.

Asalin fablab

Maganar ta samo tushe ne a babbar makarantar fasaha ta MIT da ke kusa da birnin Boston a Amurka. A shekara ta 1998 wani malamin kimiyya mai suna Neil Gershenfeld ya buɗe wani darasi na koya wa ɗalibai yadda za su ƙera kusan kowane irin abu da injuna masu bin umarnin kwamfuta. Ɗalibai suka yi masa ca, har da waɗanda ba su taɓa karatun injiniya ba. A shekara ta 2001 aka kafa masa cibiyar bincike da kuɗin hukumar kimiyya ta ƙasar Amurka, kuma cikin sharuɗɗan irin wannan kuɗi akwai kai ilimin ga jama'ar da ke wajen jami'a. Ta haka aka haɗa ƙaramin ɗaki na injuna da za a iya kafawa ko'ina.

Abin da ke cikin ɗakin bai taka kara ya karya ba wajen yawa. Akwai injin da ke yanka katako da kwali da roba da tsinin haske. Akwai injin sassaƙa, wanda ke bin zanen da aka ba shi ya fafe allo kamar yadda masassaƙi ke fafe turmi, sai dai shi ba ya kuskuren ko da faɗin gashi. Akwai teburin haɗa kayan lantarki. Sa'an nan akwai wanda ya fi shiga bakin mutane, wato injin ɗab'in kaya, wanda ke narka zaren roba yana shimfiɗa shi hawa bisa hawa har abu ya tashi, kamar yadda mai ginin tukwane ke ɗora yumɓu zagaye bayan zagaye. Asirin duka shi ne zanen yana cikin kwamfuta. Wanda ya zana wani ƙarfen famfo a Indiya yana iya aika zanen ta intanet, wani ya fitar da irinsa a Gana a ranar, ba tare da an biya kuɗin jirgi ko na kwastan ba. Cikakken ɗaki irin wanda cibiyar ta tsara yakan ci wajen dalar Amurka dubu ɗari, wato sama da miliyan 50 na kuɗin sefa, ban da gini da albashin masu kula.

Ɗakunan farko ba a manyan biranen Turai aka kafa su ba. An kafa ɗaya a ƙauyen Pabal na ƙasar Indiya, inda aka yi ta neman hanyar auna kitsen madara. An kafa wani a can arewacin ƙasar Norwe, inda makiyaya ke son na'urar da za ta nuna musu inda tumakinsu suka shiga cikin duwatsu. A shekara ta 2004 kuma aka buɗe na makarantar fasaha ta Takoradi a ƙasar Gana. Yau ɗakunan da suka yi rajista sun wuce dubu biyu a ƙasashe fiye da ɗari. Ka'idarsu ita ce kowane ɗaki ya ware wani lokaci da zai buɗe ƙofa ga kowa, kuma abin da aka koya a bayyana shi don na nesa su amfana.

Daga Karakas zuwa Barsalona

Tomas Diez tsarin birane ya karanta a jami'ar Simon Bolibar ta birnin Karakas. Ya tafi Barsalona, ya shiga wata cibiya mai zaman kanta ta nazarin gine-gine mai suna IAAC, inda a shekara ta 2007 aka buɗe fablab, ya zama cikin waɗanda suka kafa shi, daga baya ya shugabance shi shekaru masu yawa. A shekara ta 2010 ɗakin ya shiga aikin ƙera wani gida na katako mai ɗauke da allunan hasken rana, aka kai shi gasar gidaje a birnin Madrid, ƴan kallo suka zaɓe shi. Sunan ɗakin ya fita. Daga nan sai aka soma gayyatarsa ƙasashe, wannan jami'a na son a tsara mata ɗaki, wancan birni na son a horar masa da matasa.

A nan ne sana'ar ta ɗauki kamanninta. Injuna kowa mai kuɗi yana iya sayensu daga kamfani. Abin da mashawarci ke kawowa shi ne jerin kayan da suka dace, da horon wanda zai riƙe ɗakin, da shigar da shi cikin zumuncin sauran ɗakunan duniya. Tun daga shekara ta 2009 akwai wani karatu na kimanin wata shida da ake kira Fab Academy, inda Gershenfeld ke ba da darasi ta bidiyo sau ɗaya a mako, ɗalibai kuma suna aikin hannu a ɗakunan garuruwansu. Wanda ya gama yakan zama malamin wasu, wasu kuma su zama masu yawon kafa ɗakuna. Haka kuma a Barsalona aka gina dandalin intanet da ake rajistar ɗakunan duniya a cikinsa. Wanda ya riƙe littafin rajista kuwa, ya san kowa kuma kowa ya san shi.

Sa'a ta ƙara zuwa a shekara ta 2011, lokacin da aka naɗa Vicente Guallart, wanda ya shugabanci cibiyar IAAC, babban mai tsara gine-ginen birnin. Maganar da ake yi a ɗakin karatu ta shiga ma'aikatar magajin gari. Aka yanke shawarar kafa ɗakunan ƙira na hukuma a unguwanni, kamar yadda ake kafa ɗakunan karatu.

Abin da ya faru a ɗaya daga cikin unguwannin nan ya cancanci a tsaya a kansa. Siyutat Meridiyana tana can gefen birni, tana cikin unguwanni mafiya talauci, kuma bayan karyewar tattalin arziki ta 2008 ta yi suna wajen yawan iyalan da ake kora daga gidajensu saboda bashin banki. A nan hukuma ta ware wani gini don kafa ɗakin ƙira. A shekara ta 2013 mazauna unguwar suka shiga ginin suka zauna, suka mai da shi wurin tara cimaka da raba wa mabuƙata. Ba su ƙi ilimi ba. Sun ga dai an kawo wa mai jin yunwa injin yanka katako, alhali ba wanda ya zo ya tambaye shi abin da ke damunsa. Sai da aka zauna aka daidaita, aka sama wa rabon abinci wani wuri, aka kuma karkata aikin ɗakin wajen koya wa marasa aiki sana'a, kana aka buɗe shi. Tsarin da aka zana a ofis yana da kyau a takarda, amma an manta da mataki na farko, wanda kowane malamin gona da ya taɓa shiga ƙauye ya sani, wato gaisuwa da sauraro kafin a sauke kaya.

A zaɓen 2015 Trias ya faɗi, Ada Colau ta hau kujerar, ita da ta yi suna a fafitikar hana korar mutane daga gidaje. A 2023 kujerar ta sake canza hannu. Alkawarin shekara arba'in ke nan ya riga ya ga magadan gari uku kafin ya cika shekara goma.

Daga ƙira zuwa ƙididdiga

Masu wannan ra'ayi suna cewa birnin yau kaya ke shiga cikinsa, shara ta fita. Abin da suke fata shi ne birnin da bayanai za su shiga su fita, kaya kuwa a ƙera su a nan, a gyara su a nan, a sake narka su a nan. Wannan magana ce ta kai Diez da abokan aikinsa ga fannin tattara bayanai. A shekara ta 2012 suka nemi karo-karon jama'a ta intanet don ƙera wata ƴar na'ura mai suna Smart Citizen, wadda ba ta wuce tafin hannu ba. Mutum zai rataya ta a tagarsa, ta riƙa auna zafi da laimar iska da haske da ƙara da hayaƙin motoci, tana aika sakamakon bisa wata taswira da kowa ke iya gani.

Kuɗi ya samu, na'urori suka bazu, amma aikin bai tafi yadda aka zata ba. Mutane da yawa sun karɓi na'urar sun kasa haɗa ta da intanet. Wasu sun haɗa, bayan ƴan makonni suka gaji, tun da lambobin da ke fitowa ba su ce musu kome ba. A shekara ta 2014 aka gwada ta da mutane wajen ɗari a birnin Amsadam na ƙasar Holan, sai ta bayyana cewa ma'aunin hayaƙi mai araha ba ya ba da sakamakon da masana za su dogara da shi. Na'urorin hukuma na auna iska suna da tsada ƙwarai don ana daidaita su a kai a kai. Ma'auni mai araha kuwa zafi da laima suna ruɗa shi.

Darasin ya shiga. Daga 2015 zuwa 2017 Tarayyar Turai ta biya kuɗin wani furoje mai suna Making Sense a Barsalona da Amsadam da Firishtina ta ƙasar Kosobo, kuma wannan karo da damuwar mutane aka fara, na'ura ta biyo baya. A unguwar Garasiya ta Barsalona akwai wani fili da ake kira Plasa del Sol, wato dandalin rana, inda matasa ke taruwa da dare suna shaye-shaye da hayaniya har kusan asuba. Shekara da shekaru mazauna wurin suna kai kuka, ana ɗaukarsu masu ƙorafi kawai. A shekara ta 2017 aka koya musu aiki da na'urar, suka rataya ta a barandunsu da cikin ɗakunansu, suna kuma rubuta a takarda abin da ke faruwa a kowace sa'a, don a san ko ƙarar ta mashaya ce ko ta motar kwasar shara. Sakamakon ya nuna ƙarar takan kai wajen desibel 100 da dare, kusan kamar mutum ya tsaya a bakin injin niƙa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashen Turai shawarar kada ƙarar waje ta wuce 40 a lokacin barci. Da takardun nan a hannu suka koma wurin hukuma. Aka sa ƴan sanda su riƙa sallamar taron da ƙarfe 11 na dare, aka jera tukwanen shuke-shuke a matakalan da ake zama, aka mai da kwasar shara zuwa safiya.

Hukuma ta daɗe da sanin akwai hayaniya a filin. Abin da ya canza shi ne kuka ya zama hujja, hujjar kuma tana hannun masu kukan. Wannan shi ne mafi kyawun abin da mashawarci irin wannan ya iya bari a bayansa, kuma abin lura, na'urar ce mafi araha a cikin aikin. Abin da ya ci lokaci da kuɗi shi ne tarurrukan unguwa da horo da zaman fassara lambobi.

Wa ke biya, wa ke mallaka

Kuɗin irin waɗannan ayyuka yawanci daga asusun bincike yake fitowa. Shirin Tarayyar Turai mai suna Horizon 2020, wanda ya gudana daga 2014 zuwa 2020, an ware masa kusan miliyar 80 na kuɗin yuro, kuma ɗan abin da ya ɗiga daga cikinsa ya riƙe ɗakunan ƙira da dama. Sai dai furoje shekara biyu ne ko uku. In ya ƙare, mashawarci ya riga ya rubuta takardar neman na gaba, a wani birni, bisa wata magana. Ba laifinsa ba ne, haka tsarin biyan yake. Amma ɗakin da ya bari yana buƙatar albashi da wutar lantarki da zaren roba da kayan gyara kowane wata. Rajistar ɗakunan duniya tana ƙidaya waɗanda aka buɗe, kuma ba duk sunan da ke cikinta ba ne ke da injin da ke juyawa.

Waɗanda suka gwada riƙe irin wannan wuri ta hanyar kasuwanci zalla su ma sun sha wuya. Kamfanin TechShop na Amurka, wanda ke karɓar kuɗin wata-wata a hannun masu zuwa aiki da injunansa, ya rufe dukan rassansa na ƙasar a watan Nuwamba na 2017. Idan a ƙasar da mutane ke da abin hannu kuɗin shiga bai riƙe ɗaki ba, to jami'in da aka kawo wa takarda mai cewa ɗaki zai ciyar da kansa cikin shekara biyu yana da dalilin neman a nuna masa lissafin dalla-dalla.

Maganar bayanai ta fi wannan zurfi. Na'urar da ke auna ƙara a barandar mutum tana iya nuna lokacin da yake gida da lokacin da ya fita. Taswirar da ke nuna unguwa mai gurɓatacciyar iska tana iya taimakon mazaunanta, tana kuma iya karya darajar gidajensu. Saboda haka a zamanin Colau, ƙarƙashin jami'ar kula da fasaha ta birnin, Francesca Bria, Barsalona ta shiga wani furoje mai suna DECODE daga 2017, wanda ke neman hanyar da mutum zai zaɓi wanda zai ga bayanansa da sharaɗin ganin. Birnin ya kuma soma sa wa kamfanonin da ke yi masa kwangila sharaɗin mayar masa da bayanan da suka tara. Dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai ta soma aiki a watan Mayu na 2018. A nahiyar Afirka, yarjejeniyar Malabo da aka amince da ita a 2014 sai a 2023 ta soma aiki, ƙasar Nijar kuma ta yi tata dokar tun a 2017. Doka dai tana nan, amma in takardar kwangila ba ta faɗi inda za a ajiye bayanan ba, da wanda zai riƙe mabuɗinsu bayan mashawarci ya tafi, sai a wayi gari ma'aikatar da ta biya kuɗin aiki tana roƙon a ba ta kwafin abin da aka tara a ƙasarta. Kayan aro ba ya rufe katara.

Wata hanya daga Lome

A wancan taro na Barsalona na 2014 an ba da lambar yabo ga wani injin ɗab'in kaya da aka ƙera a birnin Lome na ƙasar Togo. Sunansa W.Afate, wanda Kodjo Afate Gnikou ya haɗa a 2013 da tarkacen tsofaffin kwamfutoci da injunan ofis da aka zubar a juji. An yi aikin a WoeLab, ɗakin da Sename Koffi Agbodjinou, masanin gine-gine da al'adun jama'a, ya kafa a shekara ta 2012. Wannan ɗaki bai jira jerin kayan miliyan hamsin ba. Matasan unguwa aka tara, aka fara da abin da ke ƙasa, kuma manufar mai ɗakin ita ce kowane ɗaki ya ɗauki nauyin unguwar da ke kewaye da shi, ta fuskar kwasar shara da noman lambu a filayen da ba a gina ba. Agbodjinou ya sha yin kashedi a bainar jama'a cewa birni mai na'urori da ake tallata wa Afirka yana iya zama sabuwar ƙofar mulkin mallaka in bayanan mazaunansa suna hannun kamfanonin waje. A Wagadugu ma an kafa Ouagalab tun 2011, kuma a 2018 ɗakunan ƙasashen Afirka ta Yamma masu aiki da Faransanci suka haɗa ƙungiyarsu a birnin Kwatano.

Ba za a ce injin juji ya kai na kamfani inganci ba, kuma ɗakunan nan su ma suna neman taimakon waje. Bambancin shi ne wanda ya haɗa inji da hannunsa ya san inda zai taɓa in ya tsaya, a ƙasashen da ƙura da zafi da ɗaukewar wuta ke gajarta ran kowace na'ura.

Ranar gwaji ta zo wa kowa a shekara ta 2020, da annobar korona ta tsai da jirage. A watan Maris wani ƙaramin kamfani a lardin Bireshiya na ƙasar Italiya ya buga wa wani asibiti bututun na'urar numfashi da suka ƙare, cikin ƴan kwanaki. A Ispaniya da Faransa da ƙasashen Afirka ta Yamma, masu ɗakunan ƙira suka yi ta fitar da garkuwar fuska ta roba ga ma'aikatan asibiti, da zanen da ake aika wa juna kyauta. Sun toshe ɓaraka na makonnin farko. Da manyan masana'antu suka farfaɗo kuwa, sai suka fitar a yini guda abin da ɗaki ke yi a wata, da kuɗi kaɗan. Injin ɗab'i yakan ɗauki sa'a guda ko fiye a kan abu ɗaya, injin zubi na masana'anta kuwa daƙiƙa kaɗan ya ishe shi.

Shi kuwa Diez, daga baya ya bar Barsalona ya koma tsibirin Bali na ƙasar Indunusiya, inda a watan Oktoba na 2022 aka yi babban taron ɗakunan ƙira na duniya karo na 17. Ƙungiyar biranen da suka ɗauki alkawarin 2054 ta haɗa da Faris da Amsadam da Shenzhen ta ƙasar Sin, birnin da shi kansa yana cikin manyan masu ƙera wa duniya kayan lantarki, har da ƙananan sassan da ake haɗa irin waɗannan na'urorin awo da su.